Yarda da wanda ba ka taɓa gani ba a intanet

Hirar ta taso ne a wata fada a Tawa, tsakanin masu cinikin albasar Galmi ta WhatsApp da wasu ɗaliban kwamfuta.

Ɗaliban sun ce masana suna raba yarda gida biyu: wadda ka gwada da kanka, da wadda wani ya ba ka shaida. Ta biyun tana raguwa duk sanda ta canza hannu. Abokin abokinka da dama-dama, na gaba da shi kuwa baƙo ne. Tsarin EigenTrust na auna yarda tsakanin kwamfutoci da aka fitar a jami'ar Stanford a 2003 ma haka yake lissafi: nauyin shaidar mutum gwargwadon yardar da aka yi masa ne.

An fi daɗewa kan yabon bogi. Mutum ɗaya zai buɗe asusu barkatai, duka suna yabonsa, abin da ake kira harin Sybil. Shawarar ita ce kada yawan masu yabo ya ruɗe ka, duba ko akwai wanda ka sani cikinsu. Wani dattijo ya ce, "Samari, ku fara da buhu biyu kafin ku ɗora mota." A ganina wannan bai wadatar ba, don ɗan damfara yakan cika ƙananan alkawura yana dakon babba.

An kuma tuna cewa lambar waya tana canza mai ita. In tsohon abokin ciniki ya nemi kuɗi da gaggawa, kira shi, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.