Ya daina biyan haya a filin RV, kuma motarsa ba ta tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ina neman shawara, don abin ya sha min kai.

Bara ni da abokina muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin fili a wajen garin Houston, jihar Texas, inda masu motocin RV, waɗanda ake kwana a cikinsu kamar gida, ke ajiye su suna biyan haya wata-wata. Gurbi 22 ne, kowanne da ruwa da wuta da bututun masai.

Akwai wani dattijo da muka tarar a wurin, shekararsa 6. Tsohon mai filin bai taɓa rubuta yarjejeniya da shi ba, da baki kawai suka yi. Yau wata 3 bai biya ko sisi ba, wutar kuma mu muke biya, ga na'urar sanyayarsa ba ta hutawa. Motar ta lalace, ba ta ko motsi.

Abokina ya ce mu yanke masa wuta. Ni ina tsoron doka, kuma wallahi tausayinsa nake ji. Shin kotu za ta ɗauke shi ɗan haya ne ko baƙo? In ya fita, motar fa, wa zai janye ta?