Ina neman ƙaramar MP3 da za ta iya da hedifon mai ohm 300

Sani_Gwale: Assalamu alaikum. Yayana ya zo hutu daga Jamus ya bar min hedifon ɗinsa, Sennheiser HD 600. A ɗakinsa na fara jin shi, sai ka rantse mai kalangu na zaune a gabanka. Da na jona a wayata sai sautin ya koma kamar daga cikin rijiya, ko na ƙure shi. Ina son ƙaramar na'urar sauraro wadda ba ruwanta da intanet, maɓallai kawai da wurin sa memori. A ƙauye nake koyarwa, sabis sai an hau tudu, batirin waya kuma na kira ne. Abin da ke hannuna bai wuce dubu ɗari ba. Wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan_Kantin_Kwari: Wa alaikumus salam. Ka sayi iyafis na Bluetooth ka huta. Nawa shekara biyu ke nan ko tari bai yi ba.

Ummu_Hanan: Me zai hana ka sauke waƙoƙin a Audiomack ka riƙa ji a waya?

Sani_Gwale: Hajiya, wayar ce ta kasa ai.

Injiniya_Bello: Sani, hedifon ɗin lafiyarsa ƙalau. Ohm shi ne ma'aunin yadda hedifon ke tirje wa wutar da ke shigarsa. Iyafis ɗin da muka saba da shi ohm 16 ne ko 32, naka 300. Na'urar da ke fitar da volt ɗaya za ta ba mai ohm 32 ƙarfin wuta kusan miliwat 31, amma naka uku da ɗan ɗoriya kawai zai samu. Idan ta kai volt biyu, ya samu 13. Saboda haka kada lambar miliwat da ke jikin kwali ta ruɗe ka, yawanci a kan ohm 16 ko 32 aka auna ta. Ka nemi wadda ta rubuta abin da take bayarwa a kan 300, ko mai zaɓin ƙarin ƙarfi a saitinta. Wani abu kuma, idan daga Turai za a kawo maka na'urar: dokar Turai ta sa ana rage ƙarar wasu na'urori. Ko ɗan mahaɗin nan na Apple mai bakin USB-C da ake jona hedifon a waya da shi, na Amurka volt ɗaya yake fitarwa, na Turai rabin volt. Duba ƙananan na'urorin kamfanin FiiO, Shanling ko HiBy, in sautin bai ishe ka ba ka ɗaura ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a baya da kyauro.

Baba_Tanko: Ku bar ni da zancen odar nan. Bara na ga wata a shafin wani mai saye da sayarwa, ya ce sabuwa ce fil a leda. Na tura masa kuɗi, ya ce sati biyu. Sati biyun ya koma wata biyu, yau kaya na Legas, gobe direba ya yi faci a Lokoja. Da ta iso sai aka ce in biya kuɗin tasha daban. Na buɗe, ledar an sake manna ta ne, a ciki har da waƙoƙin wani da harshen da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Kwana tara bayanta ya kumbura kamar fanke. Na kira shi ya ce cajar gidana ce ta kashe ta. Na kai wa mai gyara, ya juya ta ya juya, ya ce bai taɓa ganin irin batirin ba. Da na koma wa mutumin, ya toshe lambata. Kuɗin nan na ƙaramin rago ne wallahi. Har yau tana cikin durowa, uwargida na yi min gori da ita duk lokacin da na ce babu kuɗin cefane.

Ummu_Hanan: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma uwargida ta yi gaskiya.

Ɗan_Kantin_Kwari: Baba, waƙoƙin da ka tarar a ciki fa, suna da daɗi?

Baba_Tanko: Yaro, ka kiyaye ni.

Musa_DJ: Dubu ɗari ta yi yawa ma. Na sayi ƙaramar Shanling dubu arba'in da biyar.

Hafsat_Zariya: A ina? Watan jiya na tambaya aka ce min dubu ɗari da sittin.

Musa_DJ: A 2021 na saya.

Hafsat_Zariya: To ka ce mana labarin da kake ba mu tun kafin a saki Naira ne a 2023. Wannan farashin sai a gidan tarihi.

Musa_DJ: Ko ma dai mene ne, ni na yi shekara goma ina harkar sauti a wuraren biki. Duk lissafin nan na Injiniya a takarda yake. Kunne ne alƙali. Na sa babban hedifon a tsohuwar iPod Classic kuma na ji sarai.

Injiniya_Bello: Wane hedifon ne? Ohm nawa?

Musa_DJ: Babba ne dai, baƙi.

Injiniya_Bello: Ka gani ko. Girman kan ba shi ne ba. Beyerdynamic DT 770 Pro kaɗai akwai mai ohm 32, da 80, da 250, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Ita iPod Classic tun 2014 Apple ta daina yin ta, wadda za ka samu yanzu sai ka canja mata batir. Kuma wanda ya yi shekara goma a gindin sifika, a fara auna kunnen nasa tukuna.

Musa_DJ: Kai da ka karanta a littafi za ka koya min sauti?

Hafsat_Zariya: Ku tsaya, babu wanda ya gaya wa Sani cewa HD 600 bayansa a buɗe yake. Duk abin da kake ji, na kusa da kai ma yana ji. Ka sa shi a motar haya, kwandasta zai taya ka amshi.

Ɗan_Kantin_Kwari: Malamin makaranta kuwa, ɗalibai su ji abin da yake saurare. Ka tsaya a karatun Alƙur'ani, Malam.

Baba_Tanko: Ko ka samu na'urar kirki, memori zai kayar da kai. Na sayi mai 128GB a bakin titi, na kwana ina zuba tafsiri, da safe rabi ba ya buɗuwa.

Injiniya_Bello: Jabu ne. Ƙaramin memori ake yi wa dabara ya riƙa nuna babbar lamba, da zarar ainihin wurinsa ya cika sai abin da ka zuba ya lalace. Kafin ka sa komai, gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta, za ta cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa.

Ummu_Hanan: Haka hotunan sunan 'yata suka tafi. Mai shagon har rantsuwa ya yi min cewa orijinal ne, da na koma ya ce wayata ce ke da bairos.

Hafsat_Zariya: Kullum laifin na wayarka ne ko cajarka. Kuma rasit ɗin ma an rubuta ba a dawo da kaya.

Musa_DJ: Ni filashi uku na yi asara a wata guda, ɗaya ana tsakiyar kamu.

Sani_Gwale: Allah ya kiyaye gaba. To jama'a, a dubu ɗarin nan, na'urar zan fara saye ko amfilifayar?

Baba_Tanko: Injiniya, wannan manhajar tana dawo da tafsirin da ya ɓace?