Taƙaitawa: yadda kundin neman fayil zai riƙa sabunta kansa

An yi doguwar tattaunawa kan yadda kundin neman fayil, wato jerin fayilolin kwamfuta da ake dubawa don a samo fayil da sauri, zai riƙa sabunta kansa ba tare da an yi da hannu ba. Ga abin da na tsinto daga cikinta:

1. Kusan kowa ya yarda cewa sabunta kundin da hannu ɓata lokaci ne. A Linux, updatedb, umarnin da ke sabunta kundin manhajar neman fayil ta plocate, kan tashi da kansa sau ɗaya a rana ta hanyar systemd ko cron, masu tayar da ayyuka a kan lokaci.

2. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce sau ɗayan ya wadatar. Wasu kuwa suka ce fayil ɗin da aka ajiye yau ba zai fito ba sai gobe, gara manhaja mai sa ido a bayan fage, kamar manhajojin neman fayil Baloo (na tsarin tebur na KDE) ko Recoll da umarnin recollindex -m. Dukansu biyun sun dogara da inotify, ɓangaren Linux da ke sanar da manhaja idan fayil ya canza, wanda ke da iyakar yawan foldojin da zai iya lura da su. In foldoji sun yi yawa, a ɗaga wannan iyakar ta saitin fs.inotify.max_user_watches, in ba haka ba wasu canje-canjen su wuce ba a sani ba. Ni dai ga manhaja mai sa ido na karkata.

3. A cire foldojin da ba a buƙata daga kundin ta hanyar rubuta su a saitin PRUNEPATHS a fayil ɗin /etc/updatedb.conf.

4. Kwamfuta na nauyi lokacin sabuntawa? A rage wa aikin fifiko da umarnin nice da ionice.

5. Masu Windows yawancinsu manhajar neman fayil ta Everything suka zaɓa, don tana bin rajistar canje-canje ta NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, kai tsaye.