Na goge fayiloli, amma ma'ajiyar ba ta saki gurbi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, na wani ofishi a Kaduna. Ma'ajiyar bayananmu irin wadda ba ta ba faifai gurbi sai an rubuta bayanai ce.

Makon jiya na goge tsofaffin fayiloli kusan tarabait 2 a sabar Linux, na kunna fstrim (umarnin da ke sanar da ma'ajiya gurbin da aka goge), ya nuna ya saki gurbin. Amma allon ma'ajiyar na nan yana nuna ta cika kashi 91 cikin ɗari, ko gezau. In ta cika, rubutu zai tsaya cak, ga bayanan albashi a ciki.

Muna kan VMFS6, tsarin ajiye fayiloli na manhajar VMware, wanda ke aika wa ma'ajiyar UNMAP, wato saƙon sakin gurbi, da kansa. Shin hotunan faifai (snapshot, wato kwafin yadda faifai yake a lokacin) da ma'ajiyar ke ɗauka kowane dare ne suka riƙe gurbin? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.