Garaje na yi ko ganganci?

Ɗan Acaɓa: Assalamu alaikum. Ranar Laraba ruwa ya shanye kwalbatin hanyar garinmu, ni kuma na ɗauko buhun taki a babur. Ban tsaya wata-wata ba na afka. Inji ya sha ruwa, rabin takin ya narke, ni ma da ƙyar wasu samari suka jawo ni. Da na isa gida Baba ya ce garaje ne, Inna ta ce a'a, tsabar ganganci ne. Suna ta musu a kaina, ina zaune ina rawar ɗari. Wai ba duk ɗaya ba ne? Kuma ina kalmomin suka samo asali?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Ba ɗaya ba ne. Ganganci daga "gangan" yake, wannan dai na "da gangan", aka ƙara masa ɗafa-ƙeya irin ta iskanci da shashanci. Mai ganganci ya ga haɗarin da idonsa, ya san abin da zai iya biyo baya, amma ya ce ko oho. Shi ya sa a rediyo kake jin "tuƙin ganganci", don direban ya san gudun da yake yi. Mai garaje kuwa bai ma tsaya ya duba ba, jikinsa ya riga tunaninsa. A kansa aka ce garaje ba ƙarfi ba ne. Tambayata: ka lura da zurfin ruwan kafin ka shiga?

Bakanike: Ni a tunanina garaje daga gareji ne, tunda duk mai yin sa wurinmu yake ƙarewa. Kawo babur ɗin a juye mai, kada ka sake ka tayar da shi haka.

Malamin Hausa: Kai dai ciniki kake nema! Gareji aron Turanci ce, kamar sautin kawai ya haɗa su.

Basakkwaciya: Ku ƙara da gaggawa, mu dai gaugawa muka taso muna ji. Ita ba kullum take laifi ba, ai akwai taimakon gaggawa. Garaje kam ban taɓa jin an yabi mutum da shi ba.

Ɗan Acaɓa: Malam, gaskiya na ga wani mai keke ya juya, har ya ɗaga mini hannu. Don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Inna.