Wace Hausa za mu ba "accessibility" a shafukan jami'o'i?

'Yan uwa masu kula da shafukan intanet na jami'o'i, akwai kalmar da ba ta ɓacewa daga takardun jagora da ake miƙa wa sabon ma'aikaci, wato "accessibility", kuma har yanzu kowa da irin Hausar da yake ba ta. Wasu suna rubuta "samun dama", wasu "sauƙin shiga", wasu "sauƙin amfani", wasu kuma su bar ta da Turancinta su wuce. Ina da shawarar kalma guda, amma kafin in faɗe ta ya kamata mu daidaita a kan aikin da ake nufi.

Aikin shi ne a gina shafi ta yadda makaho, da kurma, da mai raunin gani, da wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, za su yi duk abin da sauran mutane suke yi a kansa ba tare da sun nemi wani ya yi musu ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce ta tsara ƙa'idojin da ake kira WCAG. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a 2023. Matakansu uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar shi ne wanda hukumomi suka fi ɗorawa a wuyan cibiyoyi. A watan Afrilun 2024, alal misali, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta WCAG 2.1 a matakin AA ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'insu.

Mu duba abin kusa. Ofishin jarrabawa ya buga jadawali a takarda, ya sa hannu, ya buga hatimi, sannan aka ɗauki hotonsa aka ɗora a shafi a matsayin PDF. Ɗalibar da ba ta gani ta buɗe shafin da manhajar karanta allo, kamar NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android. Manhajar ta karanto mata kanun shafin, ta kai ta ga mahaɗin, ta buɗe fayil ɗin, daga nan kuma babu abin da za ta furta, domin abin da ke ciki hoto ne, babu ko harafi ɗaya na ainihin rubutu. Wannan ɗaliba ta samu dama, kuma ta shiga cikin sauƙi, amma ba ta san ranar jarrabawarta ba. A nan ne "samun dama" da "sauƙin shiga" suke gazawa, saboda dukansu biyu suna tsayawa a bakin shiga, alhali mafi yawan cikas yana zuwa ne bayan an shiga. Banda haka, mun riga mun saba amfani da "shiga" wajen sanya suna da kalmar sirri, don haka ma'aikacin da aka ce masa ya gyara sauƙin shiga zai nufi shafin kalmar sirri ne kai tsaye.

"Sauƙin amfani" ya fi kusa, sai dai yana da mai shi, domin shi ne ya dace da "usability", kuma ba abu ɗaya ba ne. Fom ɗin rajista yana iya zama gajere mai daɗin cikawa ga mai gani, amma idan jan launi kaɗai yake nuna inda aka yi kuskure, wanda ba ya bambance ja da kore ba zai gane abin da ya hana fom ɗin tafiya ba. Akwai kuma waɗanda suka fi son "dacewa da masu buƙata ta musamman". Ma'anar ta fita, amma ta yi tsawon da ba za ta zauna a kan maɓalli ba, kuma tana sa a ɗauki aikin tamkar alfarma ce ake yi wa wasu tsiraru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Rubutun da ake sakawa a ƙasan bidiyon lacca ma, ba kurma kaɗai yake amfana da shi ba, har da mai kallo a ɗakin karatu inda ba a ƙure murya.

Shawarata ita ce "moruwa ga kowa". Hausa tana da tata hanyar faɗin cewa abu yana yiwuwa ko ba ya yiwuwa, ita ce sigar aikatau mai ƙarewa da "uwa": hanya ba ta biyuwa, rubutu ba ya karantuwa, ƙofa ba ta buɗuwa. Idan aka ce abu ba ya moruwa, ba a nufin babu shi, ana nufin ga shi nan amma amfaninsa bai kai ga mutum ba, kuma wannan shi ne ainihin halin jadawalin da na ambata. Kalmar tana kuma karɓar bayani ba tare da an tilasta mata ba, sai a ce "wannan fom ba ya moruwa ga makafi" ko "bidiyon ba ya moruwa ga kurame". Na gwada "isa ga kowa" a wannan gurbin, sai na ga korewarsa tana ɓata ma'ana, domin "bai isa ga kowa ba" yana nufin babu wanda ya samu ko kaɗan.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne ginshiƙai huɗu na WCAG, waɗanda uku daga cikinsu suke shiga wannan siga salin alin. Na farko shi ne abin da ke shafin ya ganu ko ya jiyu, kuma a ƙarƙashinsa ne ake buƙatar rubutaccen bayani a madadin kowane hoto mai ɗauke da ma'ana, da bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa da ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, 3:1 ga rubutu mai girma. Na biyu shi ne sarrafuwa, kuma gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a ajiye linzami gefe, a riƙa danna maɓallin Tab daga saman shafi zuwa ƙasa, a ga ko za a iya buɗe jerin tsangayoyi, a cike fom, a aika, kuma a kowane mataki ido yana ganin inda aka tsaya. Na uku shi ne fahimtuwa, wadda ta haɗa da bayyana harshen shafin a cikin lambobin kwamfuta da aka gina shi da su, kuma alamar Hausa a nan ita ce "ha". Na huɗun, "robust", bai shiga sigar ba, kuma ina ganin "jituwa da na'urori" ta wadatar, tunda abin da ake nufi shi ne burauza da manhajojin taimako daban-daban su iya fassara shafin daidai.

Na san za a ce "moruwa" ita kaɗai tana iya ruɗuwa da sauƙin amfani, kuma wannan ƙorafi ne mai tushe. Don haka a karon farko da kalmar za ta fito a kowace takarda, a rubuta ta cikakkiya, "moruwa ga kowa", daga baya a taƙaita. Rahoton da manhajojin duba shafi irin su WAVE ko Lighthouse suke fitarwa sai mu kira shi sakamakon gwajin moruwa, tare da tuna cewa waɗannan manhajoji suna iya gano hoton da ba shi da bayani, amma ba sa iya tantance ko bayanin da aka rubuta ya dace da hoton. Shafin da dokokin Birtaniya na 2018 suka wajabta wa hukumomin gwamnati wallafawa, inda cibiya take bayyana sassan da ba su cika ƙa'ida ba da hanyar da za a sanar da ita matsala, sai ya zama "Sanarwar moruwa ga kowa", kuma da wannan sunan nake ba da shawarar a sanya mahaɗinsa a ƙasan kowane shafi na jami'a.