Musayar waƙa: Wa ya kunna wutar gudun fanfalaki?

Malam Na-Ƙofa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau kan gudun yada-ƙanin-wani, wato fanfalaki, za mu gwabza, na kilomita 42 da 'yan kai. Ga nawa, mai ja ya shigo da baitinsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar mazajen da ba sa tsayawa.
A 1972 Munich ake dubawa,
Frank Shorter shi kaɗai yake tahowa.
Garin da aka haife shi, can yake komawa,
Zinaren Olamfik ya je ratayowa.
Wani ɗalibi ya faɗo fili yana rugawa,
Da rigar 'yan tsere, jama'a na tafawa.
Mai gudun gaskiya ya iske ihu na tasowa,
Bai san dalili ba, bai fasa takawa.
Amurka na gida a talabijin tana kallowa,
Gari ya waye, tituna suna cikowa.
Likita da malami da asuba suke fitowa,
Mai tumbi da tsoho, kowa na gwadawa.
New York a 1970, mutum 127 ke farawa,
Dala 1 kuɗin shiga, 55 ke gamawa.
Bayan shekara 6, gundumomi 5 ake ratsawa,
Mutum dubu 2 kan gada suna kwararowa.
Ni na ce Shorter ne ya yi kunnawa,
Sai in ji wanda yake da ta cewa.

Jikan Maharba

Allah gafarta Malam, ni ina ja. Ka yi mini izini in sauya amsa-amo.

Gafarta Malam, ka tsallake Roma,
Shekara 12 kafin Munich aka yi fama.
Abebe Bikila, dogarin sarki mai girma,
Ya fito daga Habasha, ƙafa ba takalma.
Waɗanda ya samu ba su zauna ba, ya ce gwamma
Tafin ƙafa da dutse su gaisa har a gama.
Tseren ya tashi ne da yamma,
Dare ya yi, sojoji da wuta hagu da dama.
Ga hasumiyar Aksum da Italiya ta kama,
Ta ɗauko daga ƙasarsu ta kafa a Roma.
A gindinta ya ƙara mai, tamkar mai rama,
Na bayansa ya bi, ya kasa kama.
Awa 2, minti 15, daƙiƙa 16 ya gama,
Baƙar fatar Afirka ta hau sama.
A Tokyo, 1964, ya sake kuma,
'Yan makonni da tiyata, ɗinki na jikin nama.
Amurka ta ga nata ɗan ta girma,
Mu kuwa tun Bikila muka ga alama.

Malam Na-Ƙofa

Ɗana, na karɓi Roma hannu biyu,
Murhu ɗaya ne, itace biyu.
Bikila ya tashi Afirka, ban musa ba,
Titin Amurka kuwa sai da Shorter ya zo.

Ta-Annabi

Baba Malam, Yaya Jikan Maharba, ku matsa mini. Tun ɗazu nake karantawa raina na sosuwa.

Kun yi ta maza, to ina mata?
Wutar da kuke rabo, da hannunsu a cikinta.
Boston tun 1897 take tserenta,
Mace ba ta da lamba, an ce ba aikinta.
A 1966 Bobbi Gibb ta ɓoye kanta,
Cikin shuke-shuke, kusa da bakin fita.
Da aka tashi ta faɗa, ba lamba a rigarta,
Ta kai ƙarshe, maza da yawa na bayanta.
Shekara ta zagayo, Kathrine Switzer da tata,
261 ce lambar da ke ƙirjinta.
Jami'in tsere ya biyo, zai yage mata,
Aka bangaje shi, ta ci gaba da tafiyarta.
Sai 1972 aka buɗe ƙofar mata,
Shekarar Shorter ce, Baba, kar ka manta.
Grete Waitz kuwa malamar makaranta,
Daga Norway New York ta gayyace ta.
Ba ta taɓa fanfalaki ba a rayuwarta,
Ranar farko, 1978, tarihin duniya ya zama nata.
Sau 9 garin ya rusuna mata.
Joan Benoit da farar hula a kanta,
Los Angeles, 1984, ta yi bajinta,
Zinaren fanfalaki na farko da Olamfik ta ware wa mata.

Tsohon Kurtu

Ƙanwata, kin burge ni. Na yi gudun asuba shekaru a bariki, na san abin da cinya ke faɗa bayan kilomita 30. Abin da ke cina shi ne, waɗannan mutane da me suka ci abinci?

Ana ta yabo, ba a faɗin wuya,
Mazan farko sun yi gudu ba biya.
Doka ta ce ɗan wasa kar ya taɓa dukiya,
In ya karɓa a fili, a kore shi a hanya.
Masu shirya tsere na cika ma'ajiya,
Mai zufa sai ambulan ta bayan baya.
Bill Rodgers, ka ji namijin duniya,
Boston sau 4, New York 4, ba ƙarya.
A 1975 har ya durƙusa kan hanya,
Ya ɗaure takalmi, ya miƙe, ya zo na ɗaya.
A Portland, 1981, suka cire kunya,
Suka karɓi kuɗi a fili, kowa ya jiya.
An dakatar da wasu, ba su ja da baya,
Har doka ta sassauto, ta juya.
Boston sai 1986 ta fara biya,
Shekara 2 sai ga Ibrahim Hussein ɗan Kenya.
Kafaɗa da kafaɗa da Ikangaa na Tanzaniya,
Tsakaninsu a ƙarshe daƙiƙa ɗaya.
Hussein ne ɗan Afirka na farko da ya iya,
Ƙofar da aka ɓalle, ta nan muka biya.

Jikan Maharba

Kawu, ka taɓo mini wani miki. Bari in ƙarasa labarin gwanina Bikila, don ban iya barinsa a Tokyo.

A 1969 mota ta kife da shi, bai mutu ba,
Ƙafafun da suka ci Roma ba su ƙara takawa ba.
Kan keken guragu ya zauna, bai karaya ba,
Ya ɗauki baka da kibiya, bai bar fage ba.
Har Ingila ya je harbi, bai ji nauyi ba,
A 1973 ya tafi, bai cika 42 ba.
Kelvin Kiptum ɗan Kenya ma hanya ba ta bar shi ba,
Shi da kocinsa, dare ɗaya, ba su kai gida ba.
Awa 2 da daƙiƙa 35, Chicago ba ta manta ba,
Shekararsa 24, bai gama fara gudu ba.
Rotterdam ta sa masa rana a Afrilu, bai je ba.